Yawuna a Fuskar Sarkin Turawa

Da yawun bakina na wanke fuskar wani sarkin sarakunan Turawa, wata uku cur, a falon wani Alhaji da ke Summerfield, a bayan garin Greensboro, can ƙasar waje inda nake zaune. Idan na faɗi haka mutane kan ɗauka zagi nake yi, alhali sana'a ce. Masu gyaran tsofaffin hotunan da aka zana da fenti sun daɗe da sanin cewa yawu yana ɗauke dauɗar shekaru ba tare da ya taɓa fenti ba. Za ka naɗa auduga a kan tsinke, ka jiƙa a baki, ka mirgina a hankali a wurin da bai fi faɗin farce ba, ka yar, ka naɗa wata. Na koyi aikin ne a wani shagon firem ɗin hotuna da ke titin Elm, wajen wata tsohuwar Baturiya da nake taya aiki ran Asabar. A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin sinadarai, ina haya a ɗaki ɗaya a unguwar Glenwood, kusa da jami'a.

Burina a shekarar nan guda ɗaya ne. Akwai wata makaranta a arewacin ƙasar da ke horar da masu gyaran zane, kuma ba ta ɗaukar mutum sai ya nuna aiki ɗaya da ya yi shi kaɗai daga farko har ƙarshe, da hotunan kafin da bayan gyara, da wasiƙar mai kayan ɗauke da sunansa, tana shaida cewa shi ya yi. Tsohuwar ta rubuta mini tata wasiƙar ta koyarwa. Saura zane, da mai zane da zai amince wa ɗaliba. A garin nan wa zai miƙa wa baƙuwa kayan kakanninsa?

Sai ga Alhaji. Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Greensboro ya san shi. Yana da kantunan magani, shi ke kama mana zauren da muke cin abincin Sallah, kuma ba sau ɗaya ba ya je filin jirgi da kansa ya ɗauko sabon ɗalibi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba marowaci ba ne. Cutarsa ɗaya, ko ruwan sha ya ba ka sai ya tabbata mutum uku sun ji labari. Ya je gwanjon kayan wani mamaci ya sayo zanen, ya rataye a falo, ya tarar babu abin da ake gani sai hanci da duhu. Matarsa, wadda muke kira Hajiya, ita ta gaya masa akwai yarinya a cikinmu da ta iya wannan aiki.

Ran da na fara zuwa na gaya masa ƙa'idata a fili. Na ce, “Alhaji, ba na son komai sai wasiƙa. Layi biyar ya isa, da sunana, da cewa ni na gyara.”

Ya yi dariya ya ce, “Haba 'yata, letter kawai? Ai ko goma kike so sai in sa hannu.”

Bas ba ya zuwa Summerfield. Kowace Lahadi sai in hau na unguwarmu zuwa babbar tasha a tsakiyar gari, Hajiya ta zo ta ɗauke ni, mu wuce gonakin dawaki da gidajen da tsakaninsu sai ka yi kira ba a ji ba. Mun sauke zanen mun kwantar a teburin cin abinci kusa da taga. Ran farko Hajiya ta tsaya tana kallona ina sa auduga a baki, ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah, tofi kike yi wa arnen?” Muka yi ta dariya. Daga ranar kullum sai ta ajiye mini tulun ruwa da lemon tsami, wai kada masana'antar ta ƙafe.

Mako bayan mako mutumin ya riƙa fitowa daga cikin duhu. Da farko goshi, sai gashin nan na aro, baƙi mai lanƙwasa, ya zubo har ƙirji. Sai haɓa. Ban taɓa ganin haɓa irin wannan ba, ta yo gaba kamar aljihun tebur da aka manta a buɗe, leɓen ƙasa ya kwanta a kanta jajur. Yana sanye da sulke, an yafa masa jan ƙyalle, a wuyansa sarƙa ce mai ɗan ragon zinariya da aka ɗaure ta ciki, kai da ƙafafu na reto, tamkar na layya da ake shirin feɗewa. Idanunsa irin na mutumin nan ne da tun yana yaro ba a taɓa ce masa a'a ba, kuma abin ya gundure shi.

Sarkin bai burge ni ba ko kaɗan. Wanda ya shiga raina shi ne mai zanen. Wani bawan Allah ya tsaya gaban mai iko da wuyansa, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ya zana munin nan yadda yake, bai rage ko tsinke ba. Na ga inda ya goge hannun sarki ya sake, na ga gashin buroshinsa guda ɗaya maƙale cikin jan fentin. Na duba kusurwa huɗu ban ga sa hannu ba. A baya ne kawai, jikin katakon, akwai wata tsohuwar takarda da aka manna, da kalma ɗaya da ake iya karantawa: Ignoto. Da Italiyanci ke nan, ma'anarta ba a san shi ba. Haka ake rubutawa idan sunan mai zane ya ɓata. Duk wanda ya yi wata biyu a shagon tsohuwar nan ya san wannan.

Alhaji ya ga takardar ran da muka juya zanen. Ya gyara tabarau ya karanta a hankali, ya gyaɗa kai kamar ya gamu da tsohon aboki. “Ignoto,” in ji shi. “Na dai san ba ƙaramin mutum ne ya yi wannan ba.” Na buɗe baki zan yi bayani, wayarsa ta yi ƙara, ya fita. Na ce a raina zan gaya masa wani makon. Wallahi a ranar ba ni da wata mugunta.

Azumi ya same ni a tsakiyar aikin. Wanda bai taɓa neman yawu da ƙarfe uku na rana yana azumi ba bai san wahala ba. Sai na koma ina yin sulke da ƙyalle da maganin da na haɗa a ɗakin gwaji, fuska kuwa na bar ta har bayan Sallah, don ba na yarda wani abu mai ƙarfi ya taɓa ta. Da na gama na shafa masa sabon man sheƙi siriri, muka mayar da shi bango. Hajiya ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su kira 'yan sanda. Alhaji ya tsaya ya harɗe hannu a baya ya daɗe yana kallo. Ni kuma na ɗauki hotuna na koma gida ina jiran wasiƙa.

Saura mako shida a rufe karɓar takardu. Na tuna masa, ya ce gobe. Na aika masa daftari don ya sa hannu kawai, ya ce ya gani. Saura mako uku na sake kira, ya ce yana can birnin Charlotte. Ni ba mai naci ba ce, an tarbiyyantar da ni cewa ba a bin babba da tuni, kuma shi ya san haka sarai. Saura kwana huɗu na cire kunya na sa wata ƙawata ta kai ni gidan.

Na same shi a falo da wasu takardu masu sheƙi a gabansa. Ashe walima yake shiryawa ta nuna zanen, zai gayyato abokan kasuwancinsa da maƙwabta da manyan 'yan gida, har da ɗan littafi mai shafi huɗu. Ya miƙo mini samfurin yana murmushi. A shafi na biyu na karanta cewa wasu ƙwararru daga New York ne suka gyara zanen, ƙarƙashin kulawar mai shi.

Na ce, “Alhaji, su wane ne ƙwararrun New York?”

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Ki gane mana, 'yata. Wannan maganar value ce. Idan Bature ya ji student ce ta yi, kuma da me? Da yawu! Kina so in rubuta da hannuna cewa an tofa wa hotona yawu wata uku?”

“To wasiƙar fa? Nan da kwana huɗu ake rufewa.”

“Ai kin ga yanzu ba za ta yiwu ba. In rubuta abu ɗaya a nan, in rubuta wani a can? Ke 'yar gida ce, aikin gida kika yi. Allah ya san kin yi, ladanki yana nan. Kuma mace mai kunya ba ta bin suna haka.”

Na dubi sarkin a bango, fuskarsa tas, na dubi Alhaji. Ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba. Wani sanyi ne ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa, irin wanda ban taɓa ji ba. Na tsane shi a lokacin, tsana mai tsabta, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi mini daɗi. Na miƙe zan tafi sai ya ce, “Af, tunda kin zo. Zan yi ɗan speech ran walimar. Ki haɗa mini tarihin Ignoto ɗin nan, shafi ɗaya. Na duba a waya na ga hotunansa birjik, amma ba ni da lokacin karatu.”

Na ce, “To, Alhaji. In sha Allahu.”

Ranar rufewa ta zo ta wuce. Na tura takarduna ba wasiƙar, aka dawo mini da amsa cikin ladabi cewa ba su cika ba. Na zauna a ɗakina na Glenwood, jirgin ƙasa na wucewa yana girgiza taga, na rubuta wa Alhaji shafinsa. Na yi wa kaina alkawari ɗaya, ba zan sa ƙarya ko guda ba. Na rubuta cewa babu wani gidan tarihi na kirki a Italiya da ba shi da aikin Ignoto. Na rubuta cewa babu mai zanen da ya kai shi yawan aiki, ya zana sarakuna da limaman coci da mabarata da kwanon 'ya'yan itace. Na ce har yau masana ba su san inda aka haife shi ba, ba su san kabarinsa ba, kuma babu wanda zai iya cewa ga kamanninsa. Na ce salonsa yana sauyawa ƙwarai daga wannan zane zuwa wancan, har ka rantse ba mutum ɗaya ba ne. Na rufe da cewa manyan mutane da yawa sun ci moriyar hannunsa ba su taɓa ambatonsa ba. Na karanta sau uku ina neman ƙarya, ban samu ba.

Abu ɗaya ya rage. A cikin maƙwabtansu akwai wata tsohuwa mai kiwon dawaki, haifaffiyar Italiya, wadda ta taɓa tsayar da mu a hanya tana ba Hajiya tumatir. Mace ce da ba ta iya riƙe magana a ciki ba. Na kira Hajiya na ce ai bai kamata a yi walimar zanen ƙasarsu ba a gayyace ta ba. Hajiya ta yi mini godiya da wannan tunani. Wannan godiyar ce kaɗai abin da ke sukata har yau.

Ran Asabar bayan azahar falon ya cika. Turawa da kofunan lemo a gefe ɗaya, mutanenmu da manyan riguna a ɗaya gefen, ƙamshin dambun nama da turaren wuta ya haɗu. An lulluɓe zanen da farin yadi. Ni ina tsaye bakin ƙofar kicin da faranti a hannu, inda 'yar gida ta dace ta tsaya. Alhaji ya sha shadda ruwan toka, ya yaye yadin, aka tafa. Ya ciro takardata ya fara karantawa da Turancinsa mai nauyi, yana tsayawa bayan kowace jimla don a sha mamaki. Bai tsaya ga abin da na rubuta ba ma. Ya ƙara da cewa shi tun yana saurayi yake sha'awar aikin Ignoto, kuma da ya hango zanen a wajen gwanjo, daga nesa ya gane hannun.

Ina kallon tsohuwar nan mai dawaki. Da farko ta karkata kai kamar ba ta ji daidai ba. Da aka zo wajen gidajen tarihi ta sa hannu ta toshe baki. Da ya ce ba a san kabarinsa ba, kafaɗunta suka fara rawa. Da ya ce daga nesa ya gane hannun, sai abin ya ƙwace mata, ta fashe da dariya har tana dafa kujera. A zatonta barkwanci ne ya shirya, kuma ya iya. Ta tafa masa ita kaɗai, ta juya tana yi wa na kusa da ita bayani da ƙarfi cewa kalmar tana nufin ba a san wanda ya yi ba, wai ba ta taɓa jin wanda ya tsara wasan nan da kyau haka ba.

Turawan suka yi 'yar dariyar ladabi, suna shirin yarda cewa wasa ne. Da Alhaji mai saurin dabara ne da ya bi su ya tsira. Amma ya tsaya da takarda a hannu, baki a buɗe, ya ce mata, “No, madam, sunansa ke nan. Yana rubuce a baya.” Nan dariyar ta tsaya. Wani malamin jami'a daga cikin mutanenmu ya duba wayarsa, ya nuna wa na kusa da shi, wannan ya nuna wa na gaba. Na ga labarin yana tafiya cikin manyan riguna, kowa ya karɓa sai ya sunkuyar da kai yana gyaran hula.

Alhaji ya ɗago ya neme ni da ido har ya same ni. Na dube shi ban ƙifta ba. Na ɗauki dambu a farantina na sa a baki, na tauna a hankali. Ban taɓa cin nama mai daɗin wannan ba.

Mutanenmu ba sa dariya a gaban mai gida, sai sun shiga mota. Kafin magariba an yi ta a kowace mota da ta fito daga Summerfield. Kafin Juma'a ta zagayo, idan aka ce Alhaji sai a tambaya wanne, a ce Ignoto. Tun ana faɗa a ɓoye har aka daina ɓoyewa. Yara da aka haifa a nan, waɗanda ba su san tushen maganar ba, suka ɗauka sunan gidansu ne. Ya yi fushi, ya daina kama zauren Sallah shekara guda, bai hana komai ba. Laƙabi idan ya kama mutum a cikinmu, ko ya koma gida sai ya tarar ya riga shi sauka.

Kada a ɗauka na ci riba. Makarantar nan ban shige ta ba. Shekara ta gaba karatuna ya ƙare, takardun izinin zama a ƙasar suka sa na karɓi aikin da ya samu a wani ɗakin gwajin fenti, kuma ina nan har yanzu ina auna yadda fentin bango ke bushewa. Hajiya ba ta ƙara kirana ba. Mun haɗu sau da yawa a taro, takan amsa gaisuwata a taƙaice ta kau da kai, kuma tana da gaskiya. Wasu manya sun ce na yi rashin kunya, na tozarta dattijo. Na ce su nuna mini jimla ɗaya ta ƙarya a takardar. Aka ce in je in ba shi haƙuri. Na ce ya fara rubuta layi biyar ɗin nan tukuna, ko da ba su da sauran amfani. Bai rubuta ba, ni ma ban je ba.

Bara aka aurar da 'yarsa ta ƙarshe, aka yi liyafa a wani babban zaure a tsakiyar gari. An gayyaci kowa, har da ni, don ba a ware mutum a irin wannan. Mai gabatarwa wani magidanci ne da aka ɗauko daga Maryland saboda iya bakinsa, bai san kowa a garin ba. Kafin a fara ya zagayo yana neman wanda ya daɗe a nan, aka nuna masa ni. Ya zo da takarda a hannu ya ce, “Anti, don Allah duba mini sunayen manyan baƙin nan, kada in yi abin kunya. Na tattaro su ne a bakin mutane.”

Na karɓa. A layin farko, da manyan baƙaƙe, an rubuta uban amarya, Alhaji Ignoto.

Na ɗaga kai na hango shi can a babban tebur. Ya tsufa, gemun ya yi fari, yana ta gyara wa surukansa kujeru da hannunsa. Zauren ya cika da baƙi daga garuruwa, dangin ango sun zo tun daga gida. Ga biro a hannun mutumin, ya ma miƙo mini. Sunan Alhaji na gaskiya na san shi sarai, har da na mahaifinsa, kuma gyaran bai fi kalma biyu ba.

Na bi sauran sunayen ɗaya bayan ɗaya, na gyara masa wani da ya rubuta Alhaji alhali Malam ne. Sannan na mayar masa da takardar da bironsa.

Ya ce, “Sauran duk daidai ne?”

Na ce masa daidai ne, na koma kujerata kusa da lasifika.